Jajayen Ɗigo a Ruwan Baba Eilif

A duk Orvik, babana Eilif ne kaɗai ya cika alkawarin da aka yi wa matar nan ta jami'a, kuma shi aka hukunta. Har yau akwai masu ba da labarin a shagon garinmu ta wata fuska dabam, don haka bari in faɗe shi yadda ya faru.

Sunana Gunvor. Tun da yayana ya tafi aikin haƙar mai a teku na zama abokiyar aikin Baba a jirginsa. Ƙaramin jirgi ne na katako, ya girme ni, injinsa na tari kamar tsohon mashayin taba. Da shi muke kafa raga a can cikin mashigin Orfjord, wato hannun teku da ya kutso cikin ƙasa, a lungun da ake kira Kalven, inda duwatsu ke tare iskar arewa. Nan kakana ya yi kamun kifinsa har ya tsufa. Manyan jirage ne ke fita bakin mashigi. Namu ba shi da ƙarfin wancan ruwan a lokacin sanyi, kuma lokacin sanyi ne torsk ke shigowa, kifin da muke rayuwa a kansa.

Ranar da Vigdis Aune ta fara zuwa, ta same mu a ɗakin hutu na ƙungiyar masunta, a bakin kwata, inda jirage ke tsayawa. Doguwar mace ce, sanyi ya mai da hancinta ja. Ta ce bincike take yi a kan nise, ƙananan 'yan'uwan dolfin ɗin nan masu kunya, waɗanda ke busa numfashi a bayan jirgi, kafin ka waiga sun ɓace. Kowa a ɗakin ya san nise na faɗawa raga. Iska yake shaƙa kamar mu, in raga ta riƙe shi a ƙasa sai ya mutu.

"Ban zo cin tarar kowa ba," in ji ta. "Ba laifi ba ne nise ya mutu a raga. Roƙona ɗaya ne, kada ku jefar. Ku kawo gawar gaɓa, ku gaya mini inda ya kamu."

"Miya za ki yi da shi?" Kawu Oddvar ne ya tambaya, yayan mahaifiyata marigayiya. Shi ne shugaban ƙungiya, kuma manyan jiragen ƙarfe biyu da ke kwata nasa ne.

"Fata nake so kamar girman farce, da haƙori ɗaya. A cikin ƙwayoyin halittarsu zan ga danginsu, in ga wa ya haifi wa."

"Af! To ki rufa mana asiri kada ki yi wa mutanen Orvik wannan gwajin. Rabin gari sai ya canja uba."

Aka kwashe da dariya, har da ita. Kawu Oddvar ya miƙa mata hannu a gaban kowa ya ce ƙungiya na bayanta. Ta bar mana babbar firiza a rumfar kwata, ta hau jirgin fito ta koma.

Ba a yi wata ba muka ɗago raga muka tarar da nise a ciki, zaren ya naɗe masa baki. Na kama jelarsa zan tura shi ruwa kamar yadda aka saba. Baba ya riƙe hannuna.

"An yi wa matar alkawari."

"Baba, kowa ya yi mata alkawari."

"To ni ina cikin kowan."

Muka kawo shi kwata. Masunta suka bar aikinsu suna kallon Baba yana jan gawar zuwa firiza.

"Eilif ya samu digiri!" Kawu Oddvar ya ɗaga murya daga kan jirginsa. "A kawo masa hula mai tuntu!"

Baba ya ci gaba da jan gawar. Dama shi ba mai magana ba ne. In ya ce maka "to", ya gama jawabi.

Sanyi ya zo ya wuce, wani ya zo, firizar nan ba ta taɓa ganin gawa daga wani jirgi ba sai namu. Ba don sauran ba sa kamawa ba. Da idona na ga ma'aikatan Kawu Oddvar a bakin mashigi suna farka cikin nise da wuƙa don gawar ta nutse kada ta taso. Na gaya wa Baba. Ya ce jirginsu ne, ba namu ba.

Vigdis takan zo lokaci-lokaci. Ta saba da gidanmu har ta san inda muke ajiye cokula. Baba yakan tsaya a kanta tana yankan fata, yana tambaya kamar ɗan makaranta. Ni ma ban ƙi ta ba. Ba ta da girman kai, kuma ba ta taɓa yin amai a jirgi ba.

A sanyi na uku ta zo da sakamako. Baba ya dafa torsk da hantarsa da ƙwansa, da dankali. Ta buɗe kwamfuta a kan teburin kicin tun ba a kwashe kwanuka ba.

"Nisen Orfjord ba irin na teku ba ne," ta ce. "Na kwatanta su da na ko'ina a gaɓar ƙasar nan. Ba sa barbara da na waje. Tun da ƙanƙara ta janye daga mashigin nan suke zaune su kaɗai, dubban shekaru. Dangi ɗaya ne. In suka ƙare, ba wanda zai zo ya maye gurbinsu."

"Da yawa suka rage?" in ji Baba.

"Masu haihuwa ba su kai ɗari ba, a lissafina." Ta dubi Baba. "Ka tuna macen da ka kawo mini da farko-farko, mai tabo a gadon baya? Ƙaramar da ka kawo bara 'yarta ce."

Baba ya ajiye cokali. Bai ƙara cin komai ba. Ya tashi ya tsaya a taga yana kallon ruwa, ya juya mana baya.

Kafin mako ya zagayo ya yi odar 'yan na'urorin nan masu ƙara da ake ɗaura wa raga su kori nise. Ba wanda ya sa shi. Muka zauna a rumfa muna ɗaura su yatsunmu na daskarewa, mutanen Kawu Oddvar na wucewa suna tambaya ko rediyo muke saka wa kifi. Daga nan har ƙarshen lokacin kamu, ko nise ɗaya bai sake mutuwa a ragarmu ba.

Da kaka, wata safiya na je shago sayen burodi, na tarar da mutane sun yi cincirindo a ƙofa. Da suka gan ni suka buɗe hanya, ba wanda ya gaishe ni. An manna sanarwa daga ofishin da ke kula da kamun kifi na lardi, da taswirar mashiginmu. A kan taswirar akwai jajayen ɗigo, kowanne wurin da nise ya mutu. Na san su duka, don ni na karanto wa Vigdis su daga na'urar jirgi. Duk suna cikin Kalven. An zagaye lungun da baƙin layi mai kauri, an rubuta cewa daga bana ba a kafa raga a ciki. Sauran mashigin fari fat, ko ɗigo ɗaya babu.

Tun a ƙofar shagon na kira Vigdis a waya.

"Kin gama da mu, hankalinki ya kwanta?"

"Gunvor, yanzu nake gani ni ma. Na rubuta musu a shafin farko cewa jirgi ɗaya ne kawai ya ba ni gawa, taswirar ba ta nuna inda suka fi mutuwa ba, tana nuna inda aka faɗi gaskiya ne kawai."

"Shafin farko! Shi za mu dafa mu ci? Kin zauna a teburinmu, kin ci kifinmu, kin ce ba laifi ba ne."

"Ba ni na ja layin nan ba."

"Ke kika ba su alƙalamin."

Na kashe wayar. Da na koma gida na gaya wa Baba, sai ya tambaya ko na sayo burodin. Na manta. Ya sa takalmi ya tafi shagon da kansa, ya tsaya gaban taswirar ya karanta ta daga sama har ƙasa mutane na kallonsa, ya sayi burodinsa ya dawo.

An kira taro a zauren gari bayan mako biyu, da rana tsaka. Jami'in da aka turo mutum ne mai laushin murya, da takalmin birni wanda dusar ƙanƙara ta jiƙa. Ya haska taswirar a bango. Ya ce hukuma ta bi ilimi ne, kuma ta yi ƙoƙarin kada dokar ta taɓa mutane da yawa. Ya ce abin farin ciki ma, jirgi ɗaya kawai abin ya shafa.

Abin farin ciki. Baba na zaune kusa da ni, hularsa a kan gwiwa.

Sai jami'in ya gode wa ƙungiyar masunta, wadda ta tabbatar musu cewa a bakin mashigi ba a kama nise. Kawu Oddvar ya miƙe yana gyara wando.

"Mu dai mun daɗe muna faɗa," ya ce. "Can waje ruwa na da zurfi, nise ba ya zuwa. Muna jajanta wa ɗan'uwanmu Eilif, kuma ƙungiya za ta duba yadda za ta taimaka masa."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ƙarya kake, Kawu."

Kowa ya waigo. Baba ya ja gefen rigata. Na fizge.

"Ƙarya kake, kuma duk wanda ke ɗakin nan ya san ƙarya kake. Kai, Jarle, ɗago kai ka dube ni. Ba kai na gani da wuƙa ba kana farka cikin nise? Ko torsk ne ya yi jela a kwance irin ta nise?"

Jarle, babban ma'aikacin kawuna, ya ƙura wa takalminsa ido.

"Ke Gunvor," in ji Kawu Oddvar, "zauna. Da uwarki na raye da ta ji kunyar wannan rana."

"Da tana raye da ta tofa maka miyau. Mijinta ka sayar."

Aka fara hayaniya. Wata daga baya ta ce a fitar da ni. Jami'in na ta buga tebur da alƙalami yana cewa a yi haƙuri, ba a zo nan don zargi ba. Sai na ji murya daga bakin ƙofa. Vigdis ce. Ban san ta zo ba, ashe ta biyo jirgin fito na safe.

"Ni na yi binciken nan," ta ce, "kuma abin da ke bangon nan ba shi na gano ba. Kun ɗauki hoton kun jefar da bayanin. Nise ba ya karanta taswira. Dangin nan suna yawo daga Kalven har bakin mashigi. Kun rufe wurin mutumin da ya riga ya daina kashe su, kun bar sauran a buɗe. Wannan dokar ba za ta ceci ko ɗaya ba."

"Malama," in ji jami'in, "mu da hujja muke aiki. Kina da hujjar cewa ana kamawa a waje?"

Ba ta da ita. Hujjarta na ƙasan teku da farkakken ciki.

Jami'in ya juya wajen Baba. "Kai fa, Eilif? Ka taɓa ganin wani jirgi ya kama?"

Na dubi Baba. Kowa ya dube shi. Ya juya hularsa a hannu.

"Ni ragata na sani," ya ce.

A hanyar gida na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce an taka shi yana ba da haƙuri. Na ce shirunsa ba mutunci ba ne, tsoro ne. Ya bar ni na gama.

"Da su zan zauna a coci," ya ce. "Su za su ɗauki gawata."

"Ai sun riga sun ɗauka."

Ya ci gaba da tafiya, ni kuma ban janye ba.

Torsk ya shigo a kan lokacinsa, mu muna gaɓa. Mun gwada fita bakin mashigi sau ɗaya. Igiyar ruwa ta daki jirgin ta fasa gilashin gaba, ruwa ya kai mana gwiwa, da ƙyar muka dawo. Bayan nan aka jawo jirgin kan tudu aka lulluɓe shi da tamfol. Taimakon da ƙungiya ta ce za ta duba, har yau tana dubawa. A shago mata suka daina yi mini magana, in na shiga sai hira ta koma kan yanayi. Kullum da yamma jiragen Kawu Oddvar na dawowa a cike, tsuntsaye na bin su da kuka, Baba na zaune a taga yana gyaran ragar da ba inda za a kafa ta.

Wajen ƙarshen sanyi aka yi guguwa daga yamma, ta kwana biyu tana dukan gari. Da ta lafa na fita da karena zuwa gaɓar Nesset, can kusa da bakin mashigi. Karen ya riga ni, ya tsaya yana haushi a kan wani abu cikin ciyawar teku.

Nise ne. Gaba kaɗan ga wani, ga kuma na uku tsakanin duwatsu. Kowanne da sawun zaren raga a baki, kowanne an farka cikinsa daga ƙirji zuwa ƙasa, yanka miƙaƙƙe irin na wuƙa. Ta ukun mace ce. Ɗan cikinta ya leƙo ta wurin yankan, bai kai tsawon hannuna ba, amma komai nasa ya cika, har 'yar jelar.

Na tsaya a kanta. Kalven a rufe yake tun kaka. Jirginmu na kan tudu. To ragar wa?

Na ɗauki hotuna na tura wa Vigdis ba tare da na rubuta komai ba. Na koma gida na ɗauko baro da motar Baba. Biyu na kai firizarta, wadda ke rumfa ba wanda ya kashe. Macen na ɗora a baro na tura ta kan kwata, na bangaje ƙofar ɗakin hutu da ƙafa.

Suna zaune suna cin burodi da cuku. Na juye baron a tsakiyar ɗakin.

"Ga baƙuwa daga ruwa mai zurfi," na ce. "Inda nise ba ya zuwa."

Wani ya ture kujera ya fita da hannu a baki. Jarle ya yi fari kamar takarda. Kawu Oddvar ya daɗe yana kallon ɗan cikin, sannan ya ce kowa ya ba mu wuri. Suka fita.

"Kin haukace," ya ce.

"Na haukace. Ragar wa?"

"Zauna in gaya miki abin da ubanki bai sani ba." Ban zauna ba. "Tun ranar da matar nan ta shigo ɗakin nan na san inda za a ƙare. Na ga irinsa. Ka ba mutanen ofis lamba, su mai da ita sanda su doke ka. Iyalai nawa ke ci daga jiragena? In an rufe bakin mashigi, makarantar garin nan ma rufewa za ta yi. Na yi shiru don Orvik."

"Ka san haka, ka miƙa mata hannu a gaban kowa?"

"Me kike so in yi, in kore ta?"

"Ka san haka, kana kallon Baba yana jan gawa zuwa firiza shekara da shekaru, kana masa ba'a, ba ka taɓa jan shi gefe ka ce Eilif, ga abin da zai biyo baya ba? Da duk kun kawo, da ɗigon ya bazu ko'ina, da ba wanda za a ware. Kun buƙaci wanda za a yanka ne, kuka samu."

"Ba wanda ya tilasta shi."

"Shi ya sa ya fi ka."

Ya shafa fuska da hannu biyu. Na ga ya tsufa, ban ji tausayinsa ba.

"In kin ɗauki hoton wannan ya fita," ya ce, "kin kashe garin ubanki."

"Ya riga ya fita."

Vigdis ta iso washegari. Ban gaishe ta ba, na dai riƙe mata fitila a rumfa tana yankan fata. Da ta zo kan ɗan cikin sai ta ajiye wuƙar ta fita waje. Na ji tana zagi, irin zagin da ban zaci ana koya a jami'a ba, tana harbin bangon rumfa da takalmi. Ta dawo ta ƙarasa aikinta.

Gwajin ya nuna duka ukun 'yan dangin Orfjord ne. Ta kai wa ofishin, suka ce za su nazarta. Da nazarin ya yi tsawo ta kai wa jarida, da hotunana. Daga nan suka daina ɗaukar wayarta, amma kafin kaka suka fitar da sabuwar doka: ba raga a duk faɗin mashigin lokacin torsk, sai ƙugiya. Ba wanda ya ce an yi kuskure a baya. Sanarwar ta ce sabon ilimi ne ya samu.

Da ƙugiya, Baba na iya komawa Kalven. Muka yaye tamfol. Katakon jirgin ya bushe ya buɗe, kana iya zura yatsa tsakanin allunan, injin kuma ya cije da tsatsa. Mai gyara ya zo ya zagaya shi, ya ce gyaran ya fi ƙarfin jirgin. Baba ya ɗora hannu a jikinsa ya ɗan tsaya, sannan ya mai da tamfol ɗin da kansa.

Gari kuwa ya samu waɗanda zai tsana. Aka ce mu muka jawo. Wani ya sace iskar tayoyin motarmu, wani ya rubuta kalma a jikin akwatin wasiƙunmu wadda ba zan maimaita ba. Makaranta ba ta rufe ba, amma iyalai biyu sun tashi, kuma kowa ya san sunan da ake kira in an tuna da su.

Vigdis ta ba ni aiki. Tunda ba sauran gawa, yanzu ruwa take diba. In nise ya taso ya nutse, sai a garzaya a ɗebi ruwan wurin a kwalba, wai yakan bar ɓurɓushin fatarsa a ciki, kuma ya isa gwaji. Tana buƙatar mai tuƙi da ya san mashigin. Na karɓa don dole mu ci abinci. Na gaya mata ba don na yafe ba ne. Ta ce ba ta tambaya ba. Muna wuni a ƙaramin kwale-kwale ba mu yi magana ba sai ta aiki.

Ana gab da shigowar torsk, wata ranar Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kawu Oddvar ne, ya cire hula tun daga waje. Rabonsa da gidanmu tun jana'izar mahaifiyata.

Ya zauna a bakin kujera ya yi ta kewaye-kewaye, yanayi, farashin mai, ciwon gwiwarsa. Daga baya ya fito da ita. Kamun ƙugiya na buƙatar masu sa ƙoto a gaɓa, wato abincin da ake maƙala wa ƙugiya, dubban ƙugiyoyi kullum, a jera igiya a baho yadda ba za ta harɗe ba. Matasa ba su iya ba, ba sa ma so. Ya ce ko Eilif zai zo rumfarsa ya riƙa yi, ya kuma nuna wa wasu.

Na yi dariya don na rasa abin yi. "Mai jirgi guda, ka mai da shi mai sa maka ƙoto? Kawu, ina ka ajiye kunyarka, ko ita ma ka farka cikinta ka jefa ruwa?"

"Da ubanki nake magana."

"Fita mana daga gida."

"Gunvor," in ji Baba. Ya juya wajen kawuna. "Yaushe ake farawa?"

"Litinin."

"To."

Kawu Oddvar ya tashi. Ya fita ya ja ƙofar a hankali.

"Baba, ko haƙuri bai ba ka ba!"

"Bai ba ni ba."

"Ya yi ƙarya a kanka a gaban gari, ya ci lokacin kamu guda kana zaune a taga, jirginka ya ruɓe, yanzu za ka je ka tsuguna a rumfarsa kana warin ƙoto?"

"Hannuna ya gaji da zama," ya ce. Ya dubi tafukansa. "Kuma in igiyarsu ta yi ta harɗewa, za su koma kafa raga a ɓoye. Na san su."

"To ka yi fushi mana! Ko sau ɗaya, ka yi fushi!"

Ya ɗago ya dube ni, na ga idonsa ya yi ja.

"Wa ya gaya miki ban yi ba?"

Ranar Litinin ya sa tsohuwar rigarsa ta roba, ya ɗauki wuƙarsa da abincinsa a leda. Na ce ba zan kai shi a mota ba. Ya ce dama bai tambaya ba, ƙafarsa lafiya lau. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana gangarawa kwata a kan ƙanƙara, yana taka a hankali kada ya zame, har ya shige rumfar Kawu Oddvar.